Filin Bakanike: Tsohon babur da ƙurar Kano

Tambaya: Assalamu alaikum. Babur ɗina Jincheng ne mai inji irin na babur Honda CG, ya haura shekara goma a hannuna. Tun shigowar hunturu, da safe sai na yi ta buga kik har na gaji, wani lokaci sai an tura ni. Na canja fulogi sau biyu, kowanne kwana kaɗan sai ya yi baƙi. Kabireta zan saya? Mai karatu daga Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Fulogin da ya yi baƙi ƙirin da busasshen toka yana nuna fetur ya rinjayi iska a cikin injin, kuma a Kano daga Disamba zuwa Fabrairu abin da ya fi jawo haka shi ne matatar iska, wato iyakilina, da ƙura ta toshe. Kwance murfin gefe ka ciro ta. In ta soso ce, wanke ta da kananzir, ka matse da tafin hannu ba tare da murɗawa ba, don murɗawa na yaga ta. In ta bushe sai ka ɗiga mata baƙin mai ka mulmula ya ratsa ko'ina, ka matse rarar. Man nan shi ke kama ƙurar. In ta takarda ce, ba a wanke ta, sabuwa ake sawa. Abin da ke ba mu takaici shi ne masu cire matatar gaba ɗaya wai mashin ya fi ja. Zai ja na ɗan lokaci, amma yashin da yake zuƙa zai cinye ringi da bulo kafin damina.

Daga nan ka koma kabireta. Rufe makunnin mai na ƙasan tanki, ka sa kwalba mai haske, ka sassauta sukurun da ke gindin kofin kabiretar. In ka ga wani abu ya kwanta a ƙasan fetur ɗin, ruwa ne, kuma an fi samunsa a man 'yan bumburutu ko a tankin da ya fara tsatsa. Kwance kofin ka ciro ƙaramin jet, shi ne mai kula da tashi da silo. Ɗaga shi ga rana. In haske bai ratsa ba, ya toshe. Kai wa mai faci ya hura masa iska. Kada ka zura masa allura ko ƙarfen waya, ramin zai faɗaɗa, babur ya koma shan mai har abada. Sukurun daidaita iska kuwa, mayar da shi ciki a hankali har ya tsaya, sannan ka warware zagaye ɗaya da rabi, ka ƙarasa saitin bayan injin ya yi zafi. Ka kuma tabbatar cok yana komawa gurbinsa gaba ɗaya, don wanda ya maƙale a rabi shi ma yana baƙanta fulogi.

Idan duk an yi wannan bai daina gardama ba, saura bawul. Da tsufa bawul ke nitsewa cikin mazauninsa, tazararsa ta ƙare, ya daina rufewa sosai, matsin injin ya riƙa zurarewa. Za ka ji kik ya yi laushi a ƙafa. Ana saitin ne da sanyin inji: a juya magneto har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin murfi, a lokacin da bawul biyun suke rufe, sai a auna da siririn ƙarfen awo. Injin CG milimita 0.08 yake so; ƙananan roba-roba masu injin 110cc kuwa wajen 0.05. Tazarar bakin fulogi milimita 0.6 zuwa 0.7. A cikin mutum goma masu irin matsalarka, da wuya ka samu wanda kabiretarsa ce ta mutu.

Tambaya: Ranku ya daɗe, roba-robata tana fitar da shuɗin hayaƙi, kuma duk mako sai na ƙara baƙin mai. An ce in zuba mai kauri na mota. Daga Ɗorayi.

Amsa: Alhaji, kada ka zuba. Kulocin babur a cikin baƙin mai yake wanka, kuma yawancin man mota na zamani akwai sinadarin santsi a ciki da zai sa kulocin ya riƙa zamewa: inji na kuka, mashin ba ya gaba. Nemi 20W-50 na babur, wanda aka rubuta JASO MA a jikin robar.

Ka fara duba ko mai ya yi yawa. Kafa babur a tsaye kan babban jak, goge sandar awo, ka ɗora ta ba tare da ɗaurewa ba, ka ciro ka karanta. Irin wannan injin bai kai lita ɗaya ba, wajen 0.8 yake ɗauka, amma mutane da yawa juye robar suke yi duka. In man daidai ne, lura da lokacin hayaƙin. Wanda ke fita da safe kawai ya ɗauke bayan minti biyu ko uku, robobin wuyan bawul ne suka ƙandare, gyara mai sauƙi. Wanda ke ƙaruwa duk sanda ka murɗa totur, ringi ne. A nan a kula: in bangon bulo ya yi zane ko ya ci har farce na kamawa, sabon ringi kaɗai ba zai yi wata biyu ba. Sai a kai a yi borin, a sa fistin mai ƙarin girma, milimita 0.25 ko 0.50. Ka tafi da tsohon fistinka Fagge ko Sabon Gari a gwada, don sunan babur a jikin kwali ba ya tabbatar da girman fil ɗinsa. Bayan haɗawa ka lallaɓa shi kilomita 500 na farko ba tare da kaya mai nauyi ba, sannan ka juye mai. Daga nan, a ƙurarmu, kada juye ya wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500.

Tambaya: Cen ɗina yana yawan faɗuwa ko na ɗaure shi. Daga Hotoro.

Amsa: Kama cen ɗin a bayan siraket na baya ka ja. In ya ɗago har ka ga rabin haƙori, ya ƙare, ɗauri ba zai yi masa magani ba. Canja shi tare da siraket biyun lokaci guda, tsohon haƙori mai lanƙwasa yana lalata sabon cen. Bar masa wasa kamar santimita 2 a tsakiya, ka daidaita alamomin da ke gefe biyu na tayar baya don ta miƙe. Makullin cen ɗin, rufaffen kansa ne zai kalli inda cen ke tafiya. Kuma kada ka cire murfin cen ɗin. Giris da yashin titi in suka haɗu, niƙa suke yi.