Ka fara gane tsutsar da ke cin furenka kafin ka ci bashin magani

Wani mai sayar da furanni a Birnin Kebbi ya aiko da tambaya. Ya ce a farkon hunturu ya saro furen ado da ake kira jiraniyum tukunya 150 daga Jos domin masu otal da masu sababbin gidaje, sai tsutsa ta faɗa musu, ganye ya huhhuje, fure yana bushewa tun bai buɗe ba. Ya yi feshi sau biyu da maganin da aka ba shi a kasuwa ba ta daina ba, yanzu yana tunanin cin bashi ya sayi babban injin feshi da magani mai tsada, ya kuma ƙaro sababbin furanni.

Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Shawarata ita ce ka jingine maganar bashin nan tukuna, domin feshi biyun da ka yi sun tafi a banza ne saboda ba ka san wadda kake faɗa da ita ba, kuma sanin nan ba ya buƙatar komai sai tocila da dare biyu. Bayan sallar isha'i ka zagaya tukwanen, ka ɗaga ganye, ka duba tohon furen ɗaya bayan ɗaya.

Idan ka ga ɗan rami zagayayye a jikin tohon fure, ga kuma ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi kamar garin barkono a kan ganyen da ke ƙasa, wato kashinta, to mafi kusa ita ce tsutsar da ke huda tumatir da auduga da wake, wadda masana ke kira Helicoverpa armigera. Launinta yana sauyawa daga kore zuwa ruwan ƙasa, da ratsi a gefenta, uwarta kuma malam-buɗe-littafin dare ce mai ajiye ƙwai ɗai-ɗai a kan toho. Ita na fi zargi a wajenka, domin lokacin da ka kawo kayan shi ne lokacin da fadamun Kebbi ke cike da tumatir na noman rani. Tana cusa kanta cikin toho inda feshi ba ya isa sosai, sannan a ƙasashe da dama ta riga ta saba da magungunan da aka fi yawan fesawa, shi ya sa mai kaya yake zuba kuɗi bai ga canji ba.

Idan kuwa ganye ne ake cinyewa da dare, da rana ba ka ga komai, ka tona ƙasar tukunyar da yatsa. Za ka iya tarar da tsutsa mai duhu a naɗe. Wannan daga dangin da masana ke kira Spodoptera take, ƙwanta a dunƙule yake a ƙarƙashin ganye, lulluɓe da gashi kamar auduga, kuma tsinke ganye ɗaya mai ƙwai ya fi feshin yini guda amfani. Akwai ta uku mai shiga cikin kara har ya yi baƙi ya zama holoƙo. Asalinta kudancin Afirka ne, kamar shi kansa jiraniyum, kuma cinikin furanni ne ya kai ta Sifaniya a ƙarshen shekarun 1980 ta bazu a kudancin Turai. Saboda haka duk ranar da za ka sake saro kaya, ka matsa karan da hannunka kafin ka biya.

Yanzu ga lissafi. Ka raba tukwanen gida uku: masu lafiya, masu rauni da za su farfaɗo, da waɗanda suka lalace. Masu lafiyan ka nisanta su, ka sayar da su da wuri, amma kada ka kai wa mai otal tukunyar da kake shakka a kanta, domin cinikinsa na shekara ya fi ribar tukunya goma. Abin da za ka kashe a kan magani kuma kada ya wuce ribar da ta rage a kashi na biyu. Tukunya 150 ba gona ba ce. Yaro ɗaya da tocila zai tsince tsutsar da hannu, ya cire tohon da aka huda ya ƙone, ƙaramin abin feshi na hannu kuma ya wadatar, ko ka aro na maƙwabcinka mai lambu. Ruwan dakakken ƙwallon dogon yaro yana rage ƙananan tsutsotsi, haka ma maganin da ake yi da ƙwayar bakteriya mai suna Bacillus thuringiensis, wanda sai tsutsa ta ci yake aiki kuma rana tana kashe ƙarfinsa, don haka da yamma ake fesa shi. Idan ta kai ga magani mai ƙarfi, ka sa tsutsar a kwalba ka nuna wa malamin gona, ka kuma tabbatar akwai lambar NAFDAC a jikin abin da za ka saya. Ka sauya ƙasar saman tukwanen, domin a nan tsutsotsin nan biyu na farko suke kwanciya kafin su yi fiffike.

Ƙaro sababbin kaya da bashi kuwa ban goyi baya ba ko kaɗan. Jiraniyum ba ya jure zafin da ke sauka a Birnin Kebbi daga watan Maris, sai ranar biya ta zo daidai lokacin da furen yake yaushi. Daga tukwanen da suka lalace ka yanko rassa masu lafiya, tsawon yatsa, ka dasa a yashi mai ɗan danshi a inuwa; cikin mako uku zuwa huɗu suna yin saiwa, su cike maka gurbin ba tare da ka je Jos ba.