Sun sallame ni, yanzu sun ce in dawo konsiltan: in karɓa?

Tambayar wanga mako daga wani mai karatu ce a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maradi. Ya ce shekara 9 yana aiki da wata ƙungiya mai furoje a wajen Gidan Rumji da Madarunfa, da kuɗɗin agajin Amurka suka tsaya a 2025 aka rage ma'aikata har da shi, an biya shi kuɗɗin sallama. Yanzu sun kira shi ya dawo konsiltan na wata 6, jika 450 a wata, alhali da can jika 350 ke shiga hannunshi. Yana tambaya ya sa hannu ko a'a, kuma ya batun lampo.

To Malam, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Aikin dai ka karɓa, zaman banza ba ya ciyar da iyali, amma kar ka sa hannu a wanga farashi sai ka zamna ka yi lissafi, don 450 ɗin nan ba albashi ba ne. Lokacin da kake ma'aikaci kontabul ɗinsu ke cire maka ITS, wato lampon albashi, tun kafin kuɗɗi su iso gare ka, ya cire 5,25% na CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata, su ma su zuba nasu kaso wanda ya haura 16%, ga konje na wata guda a shekara ana biyan ka, ga asuransin asibiti in suna yi. Ranar da ka zama konsiltan duk wannan ya faɗi, kai ne ma'aikaci kai ne patiron, kuma watan da ba kontira ba ko dala. Mutane da yawa na ganin ƙarin jika 100 sai su yi ta murna, sai ƙarshen shekara su gane da can ma sun fi samu, abin na ba ni tausayi wallahi don yawanci masu ɗiya ne a lakol.

Farko ka tafi biron lampo na DGI ka yi NIF, wato lambar mai biyan lampo, in kana son rajistar kasuwanci ta RCCM ma Maison de l'Entreprise na nan don haka. In lambar ta fito ka dubi harafin da ke ƙarshenta, R ne ko S ko P, shi ke nuna tsarin da aka sa ka ciki, kuma kar ka fito daga biron sai sun gaya maka baki da baki me za ka riƙa biya da kuma yaushe, har da patanti. Mai NIF da marar NIF ba ɗaya ake yanke musu ba, duk faktir ɗin da ka kai ƙungiyar za ta riƙe wani abu ta kai ma gwamnati a madadin lampon ribarka, na marar lamba ya fi yawa. Kuma duk sanda suka riƙe ka ce su ba ka takardar shaida mai tambari, ka adana ta cikin leda wuri guda da kontira, ita ce hujjarka ranar lissafi.

Sai babbar magana, TVA, lampon da ake ɗorawa bisa farashin kaya ko aiki. A Nijar 19% ce. In tsarinka na masu karɓar TVA ne kuma kontira ta ce jika 450 TTC, wato har da TVA a ciki, to kusan jika 72 a ciki ba naka ba ne, na baitulmali ne, saura 378 kuma ba a ma taɓa lampon riba ba. Don haka a rubuta HT, wato ban da TVA, ƙarara, in kuma sun ce furojensu an yafe mishi TVA su nuna takardar yafewar, faɗa da baki ba ta wadatar. Ni a ganina ƙasa da jika 550 HT kar ka yarda, kuɗɗin mai da na kwana in an tura ka ƙauye kuma daban.

Akwai kuma abin da ba na so. In tebur ɗinka na da za ka koma, ƙarfe 8 ka zo, shef ɗinka na da ke ba ka umurni, sai ka nemi izini kafin ka je jana'iza, to wannan aikin ma'aikaci ne aka sake mishi suna don a tsere ma CNSS. Dokar aiki ta 2012 na duba wa ke ƙarƙashin wa ne, ba ta tsaya ga kan takarda ba. Ka kai kontirar ma sufetan aiki ya duba kafin ka sa hannu, ka kuma leƙa CNSS ka tambayi yadda za ka ci gaba da zubi da kanka don shekarunka 9 kar su tsaya haka nan.

Wata baiwar Allah kuma daga Tasawa, ita ma sabuwar konsiltan, tana tambaya ta sayo kwamfuta daga Kano inda ta fi arha ko ta saya nan? Hajiya in bambancin ba shi da yawa saya nan wajen mai ba da faktir ta doka da NIF nashi da sunanki a kai, ita ce za ta shiga lissafin kayan aikinki ta rage miki ribar da ake yanke ma lampo. Rasit na hannu daga kasuwa masu lampo ba za su karɓa ba, kuma in allon ya mutu bayan sati 2 sai kin sake ƙetare Ɗan Isa kafin ki ga mai shagon.