Agogon Kwamfuta Ya Daina Daidaita Kansa Bayan Sabunta Manhaja: Tambayoyinku da Amsoshi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne ke kula da sabar wata cibiyar koyar da kwamfuta a Zariya. Na ɗaga ta daga Debian 11 zuwa Debian 12, komai ya tafi lafiya, sai agogo. Tun daga ranar yake ja da baya, yanzu ya kai kusan minti goma. Manhajar daidaita lokaci tana nuna tana aiki, amma ba ta gyara komai. Sabar lokaci guda ɗaya muke amfani da ita ta cikin gida, kuma adireshinta na nan a /etc/ntp.conf kamar yadda yake tun da. Na cire manhajar na sake girkawa, babu canji. Ina mafita?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka dakata da cirewa da girkawar nan tukuna, domin manhajar da kake zaton tana riƙe da agogonka ba ita ce a wurin ba yanzu. A Debian 12, wadda ta fito a watan Yunin 2023, an ajiye tsohuwar manhajar ntp aka maye gurbinta da ntpsec. Sunan ntp da ka gani a jerin manhajoji fanko ne kawai, aikinsa ya jawo ntpsec ya girka. Ita kuwa ntpsec ba ta karanta /etc/ntp.conf. Fayil ɗinta na /etc/ntpsec/ntp.conf, saboda haka duk gyaran da za ka yi a tsohon fayil, kamar shuka dusa ne. Buɗe sabon ka duba ko adireshin sabarku yana ciki. In babu, ka rubuta shi da kalmar server a gabansa da iburst a bayansa.

Amma ko ka sa adireshin, akwai abin da nake kyautata zaton shi ne ainihin matsalarka. A cikin fayil ɗin da Debian ke zuwa da shi akwai wannan layi:

tos minclock 4 minsane 3

Wannan minsane 3 yana nufin manhajar ba za ta taɓa agogonka ba sai ta samu aƙalla sabar lokaci uku masu amsa mata. Kai kuma guda ɗaya gare ka. Za ta tashi lafiya, ta yi ta tambayar sabar, ta karɓi amsa, amma ta ƙi aiki da amsar, kuma systemctl zai ci gaba da nuna maka koren rubutu cewa komai na tafiya. Dalilin sa layin mai kyau ne: idan agogo ɗaya ya yi ƙarya babu mai ƙaryata shi, idan biyu suka saɓa ba a san na bi ba, sai da uku ake samun rinjaye. Sai dai ga wanda ke da saba ɗaya a cikin gida, wannan tsari tarko ne, kuma a ganina ya kamata manhajar ta riƙa faɗa wa mutum ɓaro-ɓaro abin da ya hana ta aiki. Gyaran: ko ka sa alamar # a farkon layin don a kashe shi, ko ka bar layukan da suka fara da kalmar pool a fayil ɗin na Debian su ƙara maka sabobi daga intanet. Na fi son na biyun in har sabar tana iya fita intanet. Daga nan sai ka ba da umarnin systemctl restart ntpsec, ka jira minti biyu ko uku, ka rubuta ntpq -p.

Wannan teburin da zai fito shi ne madubin komai, ka koyi karanta shi. Idan ka ga tauraro * a farkon wani layi, an zaɓi wannan sabar, agogonka na bin ta. Ka duba ginshiƙin reach. Lambar da ke wurin tana faɗin yadda tambayoyi takwas na baya-bayan nan suka kasance. Tana hawa daga 1 zuwa 3, 7, 17, 37, 77, 177, har ta tsaya a 377, wato duka takwas ɗin an samu amsa. Idan reach na hawa amma babu tauraro ko bayan an jima, matsalar zaɓe ce, irin ta minsane da na faɗa. Idan kuwa ta kafe a 0, ga .INIT. a ginshiƙin refid, ga 16 a ginshiƙin st, to ko amsa ɗaya ba ta iso ba. Nan matsalar hanya ce, kuma ba a cikin fayil za ka same ta ba.

Tsarin NTP, wato hanyar da kwamfutoci ke karɓar lokaci daga saba, yana bi ta ƙofa mai lamba 123 ta UDP. Bayan ɗaga manhaja, sau da yawa dokokin katangar tsaro kan sauya ko su koma na asali, don haka ka duba da nft list ruleset ko an rufe wannan ƙofa. Ka kuma sani akwai kamfanonin intanet da ke toshe ta ko su taƙaita ta. Wannan ya samo asali ne daga hare-haren 2013 da 2014, lokacin da maɓarnata suka riƙa amfani da umarnin monlist na tsohuwar ntpd suna sa sabobin lokaci su antaya wa wanda suke hari tulin bayanai. Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce ka haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarka na ɗan lokaci. In reach ta fara hawa, ka gano inda gizo ke saƙa.

Sai maganar tazara. Manhajar ntpd, wato mai yin aikin a cikin tsohuwar ntp da sabuwar ntpsec, idan ta tarar bambancin agogonka da na saba ya wuce sakan 1000, wato minti 16 da sakan 40, sai ta rubuta ƙorafi ta kashe kanta, bisa tunanin cewa irin wannan giɓi sai mutum ya duba. Zaɓin -g ne ke ba ta izinin tsallake wannan iyaka sau ɗaya lokacin tashi, kuma za ka gan shi a /etc/default/ntpsec. Minti goma naka bai kai nan ba, amma yana hanya. Idan ya wuce, ka tsayar da manhajar, ka saita lokaci da hannu da date -s ka kawo shi kusa da daidai, ka rubuta shi a agogon allo, wato agogon da ke jikin babban allon cikin kwamfuta (motherboard), da hwclock -w, sannan ka tashe ta. In sabar na ɗauke da rumbun bayanai, ka tsayar da shi kafin ka taɓa agogo, musamman in baya za ka mayar da shi, domin bayanan da aka rubuta za su zo da lokutan da suka hau kan juna.

Wannan saitin hannu yana warware wani ƙulli da ke rikita mutane. Idan agogo ya yi nisa da gaskiya, takardun shaidar tsaro na shafuka sukan zama kamar ba su fara aiki ba ko sun ƙare, apt, manhajar girka manhajoji ta Debian, ta ce fayil ɗin Release bai fara aiki ba tukuna, kuma in kana amfani da DNSSEC, wato tsarin tantance sunayen intanet, ko sunan pool.ntp.org ba zai buɗe ba. Ka ga ke nan ana bukatar lokaci kafin a isa wurin mai ba da lokaci. Hannu ne kaɗai ke fitar da kai, ko ka sa adireshin saba na lambobi maimakon suna.

Kar ka manta da journalctl -u ntpsec -b. Yana nuna duk abin da manhajar ta faɗa tun tashin kwamfuta, kuma da shi ya kamata a fara kafin a cire komai.

Shawarata a ƙarshe, in ba wani dalili ne ya ɗaure ka da ntpsec ba, ka koma chrony, wata manhajar daidaita lokaci ta daban. An gina ta ne don kwamfutocin da ba kullum suke kunne ba kuma intanet ɗinsu na zuwa yana ɗaukewa, wanda shi ne halin da yawancinmu ke ciki tsakanin ɗauke wuta da tada janareta. Kamfanin Red Hat ya mayar da ita ta asali a Linux ɗinsa mai suna RHEL tun RHEL 7 a 2014, ya kuma cire ntpd gaba ɗaya a RHEL 8 a 2019. Umarnin apt install chrony zai cire ntpsec da kansa, domin Debian ba ta barin manhajojin lokaci biyu su zauna tare, kuma haka ya dace: agogo ɗaya, mai riƙo ɗaya. Fayil ɗinta /etc/chrony/chrony.conf, tana yarda da saba ɗaya, kuma layin makestep 1 3 da ke ciki yana ba ta damar tsallakar da agogo kai tsaye a gyare-gyare uku na farko idan giɓin ya wuce sakan ɗaya. Da chronyc sources za ka duba ta: ^* na nufin an kama, ^? na nufin ba a samu amsar da za a yi aiki da ita ba. Idan timedatectl ya nuna yes a gaban System clock synchronized, aiki ya kammala.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da shagon buga takardu da cike fom a Katsina. Bayan Windows ta sabunta kanta, kullum da safe sai na tarar da kwanan wata ya koma shekarun baya, burauza kuma ta ƙi buɗe shafuka tana cewa agogona na baya. Na danna Sync now ya ƙi.

AMSA: Barka kadai. Abubuwa biyu ne suka haɗu a wurinka, kuma ina ganin sabuntawar ba ita ce babbar mai laifi ba, ta dai tona abin da ke ɓoye ne. Kwanan wata da ke komawa shekarun baya duk lokacin da aka kashe kwamfuta alamar mutuwar batirin allo ne. Wani ɗan batiri ne mai faɗin kwabo, an rubuta CR2032 a kansa, mai ƙarfin bolt 3, shi ke riƙe agogo idan babu wuta. Kwamfutocin hannu da muke saya sun riga sun yi shekaru a wani ofis kafin su iso mu, batirin ya tsufa, kuma a wurinmu da wuta ke yawan ɗaukewa shi ke ɗaukar nauyin awanni masu yawa. Wataƙila a da giɓin bai yi yawa ba, Windows na gyara maka lokacin da zarar ka hau intanet, shi ya sa ba ka lura ba. Ka saya a wurin masu gyaran agogo ko masu kayan kwamfuta, ka cire wayar wuta, ka buɗe akwatin, ka danna ɗan ƙarfen da ke riƙe shi ya fito, ka sa sabon da alamar + a sama.

Dalilin da Sync now ya ƙi kuma shi ne, a kwamfutar da ba ta ƙarƙashin sabar ofis, Windows ba ta gyara giɓin da ya wuce sakan 54,000, wato awa 15. Saboda haka ka fara saita rana da lokaci da hannu. Sannan ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa ka rubuta w32tm /query /status. Idan a gaban Source ka ga Local CMOS Clock, kwamfutar ba ta karɓar lokaci daga ko'ina. Sai ka ba da waɗannan ɗaya bayan ɗaya: net stop w32time, sai w32tm /unregister, sai w32tm /register, sai net start w32time, sannan w32tm /resync. Wannan yana mayar da saitin manhajar lokaci yadda ya zo daga kamfani. In har yanzu ya ƙi, gwada w32tm /stripchart /computer:time.windows.com /samples:3 /dataonly. Idan kuskure kawai yake fitowa maimakon lambobi, ƙofa ta 123 a toshe take, sai ka bi gwajin intanet ɗin waya da na faɗa wa ɗan'uwanmu na Zariya.

Ga masu karatu da kwamfutarsu ta ofis ce da ke ƙarƙashin Active Directory, wato tsarin Microsoft na gudanar da kwamfutocin ofis, kar ku canza mata sabar lokaci. Daga sabar ofis take karɓa, kuma Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga, na hana shiga idan bambancin ya wuce minti 5. Ku kira mai kula da tsarin.

TAMBAYA: Na girka Ubuntu kusa da Windows a laftof ɗina. Duk sanda na fito daga Ubuntu na shiga Windows sai agogo ya ja baya da awa ɗaya cif. Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

AMSA: 'Yar'uwa, laftof ɗinki lafiyarsa ƙalau. Linux na ajiye lokacin duniya na UTC a agogon allo, Windows kuma na ɗaukar abin da ta tarar a wurin a matsayin lokacin gari. Nijar da Najeriya da Kamaru da Chadi suna gaban UTC da awa ɗaya, shi ya sa kike ganin awa ɗaya cif. Wanda ke Sudan awa biyu zai gani, na Kumasi ko Accra kuwa ba zai ga komai ba, don lokacin Ghana daidai yake da UTC. Hanya mafi sauƙi ita ce ki shiga Ubuntu ki rubuta timedatectl set-local-rtc 1. Zai yi miki gargaɗi cewa wannan tsari kan kawo matsala, amma mafi yawan matsalar ta shafi ƙasashen da ke matsar da agogo da bazara ne, mu kuwa ba ma yin haka. Ki shiga Windows ki daidaita lokacin sau ɗaya, daga nan za su tafi tare.