Amsa kan wutar bargo da tura ƙofar gida

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanena na Tsafe, na ji muryarka tun da hantsi, ina aji ne ban samu amsawa ba. Ka ce tunda bargo na tartsatsi da hunturu, kuma mataji in an goga shi a gashi yana ɗaukar guntun takarda, me zai hana a yi injin tura ƙofar gida da wagga wuta, a huta da injin naɗin waya, wato motar lantarki da aka saba da ita? Wallahi tambayar ta yi mini daɗi.

To, injin akwai shi, sai dai ba girman da kake zato ba. Gwada da kanka: ɗaga matajin nan taƙi ɗaya daga takarda, ko motsi ba za ta yi ba. Sai ya kusa taɓa ta take zabura. Wani Bafaranshe, Coulomb, ya auna wannan tun 1785: in ka ninka tazarar da ke tsakanin caji biyu, ƙarfin jansu ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ka ce to a ƙara wuta? Iska ba ta jurewa. Wajen bolt 3,000 a kan milimita ɗaya sai ta yi tartsatsi, cajin ya zube. Shi ne abin da kake gani cikin bargo da dare a Gusau.

Shi ya sa masana suka koma kan ƙananan injuna. A jami'ar Berkeley ta Amurka, wajen 1989, aka sassaƙa mataji biyu a jikin silikon, abin da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, haƙoransu sun shiga juna kamar ka sarƙe yatsun hannuwanka amma ba su taɓa ba. Tsakaninsu bai kai kaurin silin gashi ba, nesa ma. Ɗaya a kafe, ɗaya a kan ɗan sifirin. A ba su wuta, mai motsin ya shige miƙe, a ɗauke, sifirin ya maido shi. In ka ninka wutar, ƙarfin ya ninka huɗu. Kuma ka lura, ja suke yi. Turin da caji iri ɗaya ke yi wa juna yana da wuyar sarrafawa, don haka in ana son baya sai a sa wani matajin ta can gefen ya ja.

Irinsa na cikin wayarka, shi ke kaɗa na'urar da ke gane ka juya ta. A rufe yake ruf, don ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe haƙoran. Ƙofa kam, bar wa injin naɗin waya. Ka zo da mataji ranar Asabar mu gwada gaban yara.