Fentin feshi na ƙananan jirage da motoci: Likita ya amsa tambayoyinku

Tambayoyi sun taru daga masu karatu a Jidda, Riyad, Makka da Madina kan sha'awar nan ta harhaɗa ƙananan samfurin jiragen sama, motoci da tankokin yaƙi na roba, a yi musu fenti da alƙalamin feshi, wato 'yar bindigar nan mai girman biro da ake jona wa injin iska. Ga amsoshin waɗanda suka fi yawa.

Assalamu alaikum Likita. Shekarata 22, ina Jidda. Ban daɗe da fara fesa wa ƙananan jirage fenti a ɗakina ba. Mai kanti ya ce fentin na ruwa ne, ba shi da illa, kuma lallai ba ya wari. Sai dai in na gama na fyace hanci, sai in ga launin fentin a hankici. Taga a rufe take saboda mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki.

Wa alaikumus salam. Ɗana, abin da ka gani a hankici shi ne wanda hanci ya iya tarewa. Alƙalamin feshi yana farfasa fenti ya koma hazo. Manyan ɗigon suna maƙalewa a gashin hanci da majina, amma waɗanda ba su kai maikiron 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, suna wucewa zuwa hanyoyin iska, mafi ƙanƙanta kuma har can cikin huhu. Gaskiyar mai kanti rabi ce. Fentin ruwa irin na Vallejo ya fi sauran sauƙi nesa ba kusa ba, amma abin da ke cikinsa garin launi ne da danƙon roba, kuma ba a yi huhu don ajiye roba ba. Wani fentin ma da ake kira na ruwa, kamar na Tamiya mai lambar X da XF, akwai sinadarin alkohol a ciki, shi ya sa za ka ga alamar wuta a jikin kwalbar.

Mukayyif irin na jikin bango ba ya shigo da sabuwar iska. Ta ɗakin yake ja, ya sanyaya, ya maido maka. Ke nan hazon da ka fesa da la'asar shi kake shaƙa har ka yi barci.

Abin da ya fi takunkumi muhimmanci shi ne akwatin feshi: akwati mai buɗaɗɗen gaba, da matata da fanka a bayansa, da mesa mai faɗin santimita 10 da za ta fitar da iskar ta taga. A yanka katako ko kwali mai kauri daidai bakin tagar, a huda wurin mesar, sai sanyin ɗaki ya rage zurarewa. Ka bar ƙofa a ɗan buɗe don iska ta samu hanyar shigowa, in ba haka ba fankar tana juyawa ne a banza. Gwajinsa ba wuya: riƙe siririyar takardar tishu a bakin akwatin, in ba ta karkata ciki ba, to ko matatar ta toshe ko mesar ta yi tsawo da lanƙwasa. Bayan ka gama ka bar fankar tana aiki na minti 15. Akwatin da ba shi da mesa, mai tace iska ya maido da ita ɗaki, yana kama ƙura kawai.

Sai kuma ka rage hazon tun daga tushe, kuma a nan lafiyarka da kyan aikinka hanyarsu ɗaya. Masu farawa sukan bar fenti da kauri, in ya ƙi fita sai su ƙara iska, rabinsa ya tafi sama. Ka sirka shi har ya koma kamar madara, yawanci kashi ɗaya na fenti da kashi ɗaya na ruwan sirkinsa, ka gyara daga nan. Da baki mai milimita 0.3, ƙarfin iska 15 zuwa 20 a ma'aunin psi ya wadatar, tazara kuma santimita 5 zuwa 10. In ka ja baya da yawa fentin zai bushe a iska kafin ya isa, ya sauka a jikin jirgin kamar yashi, sauran ya zama ƙurar da za ka shaƙa. Wannan ya fi damun mutanen Riyad saboda bushewar iskarsu. Ku na Jidda raɓa ce matsalarku, sai ka tabbata injinka na da tarkon ruwa, kana zubar da shi.

Lokacin wanke alƙalami ne aka fi cika ɗaki da hazo. Akwai tukunyar wanki mai murfi da matata, a cikinta ake fesa ruwan wankin. Ka kuma sa takunkumin N95 ko FFP2 da ya kama fuska sosai. Na likitoci mai ruwan bula da muka saba da shi lokacin korona iska na shiga ta gefensa.

Likita, ni a Riyad nake, fentin laka, wato lacquer da Turanci, nake amfani da shi, irin Mr. Color, saboda ya fi kama jiki. Ina sa N95, amma bayan awa guda sai ciwon kai da jiri. Ina da gemu. Wane takunkumi ya dace da ni?

Malam, ciwon kan nan da jirin alama ce tururin tina, wato ruwan sirkin wannan fentin, ya kai ƙwaƙwalwa. N95 ƙura yake tarewa, tururi kuwa ratsa shi yake yi kamar babu komai. Kada kuma ka yarda da hancinka: cikin 'yan mintuna yake sabawa da warin, sai ka ɗauka ya tafi alhali yana nan. Duk lokacin da jiri ya zo, a rufe kwalabe, a fita waje.

Fentin laka da na mai irin Humbrol suna buƙatar takunkumin roba mai rufe hanci da baki, mai gwangwanin gawayi. A tsarin Turai ka nemi mai rubutun A2P3, da zobe ruwan ƙasa na tururi da fari na ƙura. A tsarin Amurka na tururi baƙi ne, ana haɗa shi da matatar P100. Gawayin yana ci gaba da shan iska ko ba a sa shi ba, don haka a ajiye gwangwanin a leda mai zif, a rubuta ranar da aka buɗe shi. Da zarar ka ji wari ko ɗanɗano a ciki ya ƙare, ko bai yi wari ba kada ya wuce wata shida. Wani abu da ba a cika sani ba: an yi matatar A ne don sinadaran da ke tafasa sama da digiri 65, asiton kuwa, sinadarin da ake samu a cikin wata tinar, a 56 yake tafasa, saboda haka ba ta riƙe shi da kyau. Shi ya sa takunkumi ba ya maye gurbin fitar da iska.

Batun gemu kuwa, ba zan ɓoye maka ba, robar ba ta mannewa a kan gashi, ko tsiron kwana biyu yana buɗe hanya. Toshe bakin gwangwanayen da tafin hannu ka ja numfashi. In takunkumin bai lotsa ya manne ba, iska na shiga ta gefe. Ni dai ba zan ce ka taɓa gemunka saboda jirgin roba ba. Akwai hula mai batir da ke hura tatacciyar iska, ba ruwanta da gemu, sai dai tsada. Mafi sauƙi ka koma fentin ruwa, ka dogara da akwatin feshi mai ƙarfi. Tinar galan ta masu fentin gini kuma ka bar ta, sau da yawa akwai toluwin, zailin ko metanol a ciki. Kuma kada a kunna turaren wuta, sigari ko shisha a ɗakin, tururin nan yana kamawa.

Likita, a Makka muke, gidan ɗaki biyu. Maigida yana wannan feshin a falo da daddare. Ina da cikin wata uku, ga yaro mai rarrafe. Ya ce ɗan kaɗan ne.

Hajiya, Allah Ya raba lafiya. Illar da aka tabbatar ta tina ga ɗan tayi, musamman toluwin, an fi ganinta ga matan da suka shaƙa da yawa na tsawon lokaci, saboda haka kada abin da ya wuce ya hana ki barci. Ki dai faɗa wa likitar awonki, ki kai mata hoton kwalaben. Amma daga yau a daina a falo. Watanni ukun farko ne gaɓoɓin jariri ke ƙiruwa, kuma babu dalilin yin kasada.

Yaron ma ya fi ba ni tsoro. Tururin tina ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda mai rarrafe yake numfashi. Ƙurar fenti kuma tana sauka a kan kafet, ya dafa ya kai hannu baki. Maigida ya koma saman bene ko baranda da sanyin safiya, ko ɗaki mai ƙofa a rufe da mesa a taga, da fentin ruwa kaɗai.

Kada a taɓa zuba tina a gorar ruwa ko ta lemo. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara, man zaitun ko ruwan gishiri. Haɗarin shi ne ɗigo ya faɗa huhu, amai kuwa hanyar da yake bi ke nan. A cire rigar da ta jiƙe, a wanke fatar da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar a hannu ko da yaron na wasa, domin kumburin huhun yakan ɗauki sa'o'i kafin ya bayyana. In yana tari, shaƙewa ko magagi, a kira motar agaji a 997. Don shawarar gaggawa akwai layin Ma'aikatar Lafiya, 937.

Ina Madina. Na yi asma ina yaro, ta lafa. Kwanan nan na fara shafa wa ƙananan motoci ruwan sheƙi mai haɗi biyu, wanda ake kira 2K. Lokacin feshi lafiya lau, sai tsakar dare ƙirji ya riƙe, ina fito.

Ɗan'uwa, ka ajiye shi yau, ba gobe ba. Ruwan taurin da ake zubawa a 2K yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, ɗaya daga cikin manyan masu jawo asmar sana'a a duniya, wadda ta addabi masu fentin mota. Yadda ka kwatanta shi ne halinsa: yakan bari sai bayan sa'o'i ya taso, shi ya sa mutane ke ɗora laifin a kan sanyin mukayyif. Da zarar jiki ya tsane shi, ko ɗan mitsitsi ya isa ya tayar da ciwon, kuma ci gaba da shaƙa na iya mayar da asmar ta dindindin. Hanci ba ya jin warinsa sai ya wuce ƙima, don haka dabarar jin wari a takunkumi ba ta aiki a nan. Masu sana'ar na gaske da mesar iska mai tsabta suke numfashi.

Ka ga likitan ƙirji a yi maka gwajin hura iska, ka ambaci 2K da bakinka, don ba lallai a tambaye ka ba. Mai yiwuwa a ba ka 'yar na'urar auna ƙarfin numfashi ka riƙa rubutawa sau huɗu a rana na 'yan makonni. In ka kasa ƙarasa jimla saboda haki, ko abin shaƙa irin Ventolin bai sassauta ba, ko leɓe ya canja launi, wannan na gaggawa ne. Gam mai kamawa nan take shi ma yakan tayar wa masu asma, ka lura da shi.

Da tina nake wanke hannu, yanzu yatsuna sun tsattsage. Ran nan kuma ta fantsar min a ido.

Tina tana narkar da maiƙon fata, tana kuma ratsawa ta shiga jini. Fentin ruwa sabulu ya ishe shi. Na mai kuwa a murza man girki, sannan a bi da sabulu. Ka riƙa shafa man kaɗanya ko basilin bayan kowane wanki, ka sa safar hannu ta robar naitiril, ka sauya ta da zarar tina ta zuba a kai, don ba ta daɗewa take ratsa ta. In tsagewar ta fara ruwa ko ƙaiƙayi ya bazu, ka ga likitan fata.

Ido kuwa, a buɗe shi ƙarƙashin famfo minti 15 cur ana duba agogo, a cire gilashin manne in akwai, ban da murzawa. In zafi, ja ko dishi-dishi bai tafi ba, a je wurin likitan ido a ranar. Yawanci fantsamar tana zuwa ne lokacin da aka toshe bakin alƙalami don iska ta koma kofin fentinsa ta wanke shi. Ka rufe kofin da murfinsa kafin ka yi haka, ka kuma sa tabarau mai kare gefe.