Kumburin Ƙafa da Haki Bayan Haihuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Makonni uku ke nan da na haifi ɗana na fari, kuma ina gidanmu ina wankan jego. Safe da yamma ake yi mini wanka da ruwa mai tsananin zafi da ganyen darbejiya, ina kuma shan kunun kanwa kullum. Yanzu ƙafafuna sun kumbura, idan na kwanta numfashina yakan sarƙe sai na tashi zaune, ga tari da daddare. Lokacin awon ciki an ce jinina ya hau. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni, a ƙara wa ruwan zafi. Mene ne shawararku?
Maijego, daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, barka da arziki, Allah Ya raya. 'Yar'uwa, ki je asibiti yau, kada ki jira sai kin yi arba'in. Kumburin ƙafa kaɗai yakan sami masu jego da yawa ya kuma sace da kansa, amma idan ya haɗu da kasa kwanciya saboda haki, da tarin dare, ga tarihin hawan jini, to abin da likita zai fara zargi shi ne zuciya ta gaji, ta kasa tura jini yadda ya kamata, har ruwa ya fara taruwa a huhu.

Wannan ciwo sananne ne a ƙasar Hausa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan matan da ake kawowa da shi a watannin farko bayan haihuwa, suka kuma danganta shi da kunun kanwa da wankan zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Kanwa tana ɗauke da sinadarin sodiyam kamar gishiri, wanda ke sa jiki ya riƙe ruwa ya kuma ɗaga jini, shi kuwa zafi mai tsanani yana tilasta wa zuciya ƙarin aiki a daidai lokacin da take neman hutu. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa hawan jinin mai ciki da ƙarancin abinci mai gina jiki su ma suna da hannu, don haka ba daidai ba ne a ɗora wa al'ada laifin duka. Amma ga mace irinki, ƙara zafin ruwa ƙara wa zuciya kaya ne.

Ki dakatar da kunun kanwa, ki rage gishiri da dunƙulen miya, ki koma wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa. A asibiti za a auna jininki, a saurari ƙirjinki, wataƙila a ɗauki hoton zuciya, sannan a ba ki maganin fitar da ruwa; ki gaya wa likita kina shayarwa domin ya zaɓi wanda bai cutar da jariri. Mata da dama zuciyarsu takan farfaɗo cikin watanni idan an fara magani da wuri.

Game da Inna kuwa, kulawa ce ta sa take nacewa, saboda haka ki roƙe ta ta raka ki, ta ji bayanin daga bakin likita. Kafin ki sake ɗaukar ciki, lallai a sake duba zuciyar, domin sabon ciki yana iya tayar da ciwon idan ba ta gama warkewa ba.