Tambaya da Amsa: Kyamara a hannu, zumunta a ɗaki

TAMBAYA

Baba barka da aiki, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni nas ce 'yar jihar Gombe, shekara biyu kenan ina aiki a wani asibiti a nan Jidda. Bara na sayi wata tsohuwar kyamarar Canon ta hannu a haraj, wato kasuwar gwanjo, tun daga nan abun ya zame min jaraba, in na sauka daga diyutin dare maimakon in kwanta sai in tsinci kaina a Balad, tsohon garin Jidda, ina ɗaukar tagogi da maguna. To wata mama da muke zumunta tare ta ce min hoto gunki ne, wai in je in karanta Littafin Fitowa sura 20, abun ya tsaya min a rai. Sannan ran Juma'a da muka taru a ɗaki muna addu'a na ciro kyamara don in tura wa mahaifiyata ta ga ban bar sujada ba, dattijonmu ya hana ni a gaban kowa, gaskiya na ji ciwo sosai har yau ban koma ba. Na yi laifi ne? Kuma don Allah me ya sa in na fito waje gilashin kyamarar ke yin hazo?

Taka 'ya, daga Jidda

AMSA

'Yata sannu da aiki, Allah ya ba da lada, diyutin dare ba wasa ba. Bari in fara da mai sauƙin. Kyamarar ta kwana cikin sanyin esi, kin fito da ita cikin iskar Jidda mai ɗumi da laima ta bakin teku, dole ta yi zufa, daidai yadda ledar fiya wata ke yi in an ciro ta daga firij. Ki bar ta a rufe cikin jaka kamar minti 15 zuwa 20 bayan kin fito kafin ki buɗe, kar ki goge da bakin mayafi, kuma 'yan ƙullin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ki tara ki zuba a jakar, suna shanye laima, in ba haka ba wata rana fumfuna za ki gani a cikin lens ɗin, wato gilashin kyamarar, kuma wannan gyaransa sai a hankali.

Maganar mama kuma, ni ba fasto ba ne, tsohon mai hoto ne kawai da ya fara tun lokacin fim da wankin hoto a ɗaki mai duhu, amma na sha wannan tambayar har na gaji da ita. Ki karanta aya ta 4 ki haɗa da ta 5, kar ki tsaya rabi, abin da aka hana shi ne a ƙera siffa a rusuna mata a bauta mata. Cikin littafin nan dai, sura 25, Allah da kansa ya sa Musa ya ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan murfin akwatin alkawari. Wanda ya fi burge ni ma macijin tagulla ne na Littafin Ƙidaya 21, da umarnin Allah aka yi shi, mutane suka dube shi suka rayu, amma da jikoki suka fara ƙona masa turare sai sarki Hezekiya ya farfasa shi, yana nan a 2 Sarakuna 18. Tagullar ba ta canza ba, mutanen ne suka canza. Saboda haka hoton mage a kan katanga ba zai kai ki ko'ina ba. Abin da zan ce ki duba shi ne barcin nan da kike yankewa, don nas mai gyangyaɗi tana iya kuskuren allura, da kuma yawan leƙa waya kina ƙirga mutum nawa suka danna miki layik a Instagram. Mama dai ki gaishe ta da ladabi, kar ki je mata da ayoyi kamar lauya a kotu.

Amma batun dattijo, a nan kam ba zan goyi bayanki ba ko kaɗan, ya yi daidai, sai dai da ya ja ki gefe da ya fi. Ke ma kin san inda kike. Babu ginin coci ko ɗaya da ake sujada a ciki a ƙasar Saudiyya, ibada a fili ta wanda ba Musulmi ba haramtacciya ce, ta cikin gida ce ake kawar da kai a kanta, shi ya sa ma kuke haɗuwa Juma'a tunda Lahadi ranar aiki ce, hutun mako Juma'a da Asabar ne tun 2013. To wannan ɗakin da kike so ki ɗauka ba naki ke kaɗai ba ne, akwai mai gidan da iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, ke hannun kafili, wanda ya tsaya masa, akwai 'yar aikin da ta ce wa uwar ɗakinta kasuwa za ta, akwai direban da ke ciyar da mutum goma a gida. Ki tura wa mahaifiyarki, ita don murna ta tura guruf ɗin zumuntar mata na WhatsApp, wata ta ɗora a Facebook ta rubuta ga 'ya'yanmu a Saudiyya suna yabon Ubangiji, shikenan magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta, kuma wayoyin yanzu har wurin da aka ɗauka suke liƙawa a jikin hoton in ba a kashe ba. In so kike hankalin mahaifiyarki ya kwanta ki ɗauki Littafinki a buɗe kusa da kofin shayi da hasken taga, ko ki kira ta ku yi waƙa ɗaya tare, wallahi ya ishe ta. Kuma ki koma Juma'ar nan, fushin ya isa haka.

Haka a titi. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya, mutanen nan ba sa wasa da hoton matansu, gine-ginen gwamnati da na soja kuwa ko kallonsu kar ki yi da kyamara a wuya. Wanda nake so ki fi kiyayewa ma 'yan uwanmu ne Hausawa da a da suke zaune a unguwannin Karantina da Hindawiyya, za ki ga tsohuwa ta baza gyaɗa da goro a bakin hanya, fuska mai kyau, hasken yamma ya sauka a kanta, hannunki har ƙaiƙayi zai yi. Wasu a nan aka haife su tun kakanni amma takarda ba ta cika ba, ganin kyamara kaɗai yana tsinka musu zuciya. Ni sai da na yi sati biyu ina sayen gyaɗar wata hajiya muna hirar Kano da ba ta taɓa gani ba kafin na nemi izini, ta ce fuska a'a, amma ɗauki hannuna, na ɗauki hannun da lalle da zoben azurfa yana auna gyaɗa a gwangwani, har yau ba ni da hoton da ya kai shi. Ga Balarabe kuma mumkin sura kawai za ki ce, wato ko zan iya ɗaukar hoto, in ya girgiza kai ki ce shukran ki wuce.

Abin ɗauka kuwa bai ƙare ba. Balad ɗin da kike zuwa UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya a 2014, tagogin katakon nan sunansu rawashin, bangon gidajen kuma da dutsen murjani na teku aka gina, ki je da sassafe hasken na zuwa a kaikaice sassaƙar ta fito, da rana tsaka komai fari fat yake zama. Ki nemi Baitu Nasif inda sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925. Jidda yamma take kallo, rana cikin Bahar Maliya take faɗuwa, ki tsaya a Kornish, hanyar bakin teku, dab da magariba, in duhu ya yi ki ɗora kyamarar a kan wani abu mai ƙarfi ki rage gudun shata, wato murfin da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, ki ɗauki ruwan nan na sarki Fahad mai tashi sama da mita 250.

In kin samu dogon hutu kuma akwai Najran can kudu kusa da iyakar Yaman, inda sarki Zu Nuwas ya hallaka Kiristoci wajen shekara ta 523, kufan garin na nan ana kiransa Ukhdud, maƙwabtanki Musulmi ma sun san sunan daga Suratul Buruj. Akwai jirgi daga Jidda. Ki tafi da batir biyu da memori na daban, ki canza lens a cikin mota ba a fili ba saboda ƙura, in kin dawo ki turo mana guda uku mu gani.